Wa Aka Manta Wurin Rabo?

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Galatiyawa 6:9-10

Muna gaida ku da kuke cikin garin Keffi, da ku na Garaku da Akwanga, da na Gitata da Panda, da na Uke da Masaka har zuwa Karu. Wasunku Mada ne, wasu Eggon, wasu Gbagyi, ko Gwandara, ko Yeskwa, ko Gade, ko Afo, ko Koro. A gida kowa da harshen da ya sha a nono, amma ga shi Hausa ta tara mu wuri ɗaya domin mu ji Maganar Allah. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da Hausa ba ta ishe su ba, muna roƙo wani ya zauna kusa da su yana juya musu abin da muke faɗi. Kafin mu gama za ku ga dalilin wannan roƙo.

Yau za mu yi magana a kan aikin sa kai, wato hidimar da mutum yake yi wa jama'a ba don albashi ba, da kuma ƙungiyoyin da suke yin ta a tsakaninmu. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki a Ayyukan Manzanni sura 6. Bari wanda ya iya karatu a gidan ya karanta aya 1 zuwa 7 da ƙarfi, sa'an nan mu bi labarin tare.

Gunaguni a ikkilisiya ta fari

Ikkilisiyar Urushalima ta yi girma da sauri. A ranar Fentikos kaɗai an yi wa mutum wajen 3,000 baftisma, ba a daɗe ba kuma yawan maza masu bi ya kai wajen 5,000. Masu hali suna sayar da gonaki da gidaje suna kawo kuɗin gaban manzanni, ana kuma rabon abinci kowace rana ga mabukata, musamman gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. A zamanin nan babu fansho. Macen da ta rasa miji, ba ta kuma da ɗa babba, idan jama'a ba su tuna da ita ba, yunwa ce za ta kashe ta.

To, masu bin nan dukansu Yahudawa ne, amma harshensu biyu. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda aka haifa a nan, masu magana da harshen gida. Akwai kuma waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suka komo Urushalima, harshen da ya zauna a bakinsu Helenanci ne. Sai masu Helenanci suka fara gunaguni, suna cewa ana tsallake gwaurayensu wurin rabon yau da kullum.

Ku lura, Luka bai ce wani ya ci kuɗin baiko ba. Bai ce an ƙulla mugunta ba. Abin da ya faɗa shi ne ana tsallake su. Mai rabo yakan tuna da wadda ya sani, wadda suke gaisawa da harshe ɗaya, wadda ya san gidan mijinta. Wadda ba ta iya buɗe baki ta ce ga ni, takan koma gida da kwano wofi, ba kuwa wanda ya lura.

Me manzanni suka yi? Ba su ce masu gunaguni 'yan tawaye ne ba. Ba su ce a yi shiru don kada a ɓata sunan ikkilisiya ba. Sun kira taron masu bi duka, suka bayyana cewa ba zai yiwu su bar wa'azi da addu'a su koma rabon abinci ba, amma rabon ma ba za a bar shi ya lalace ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum 7 waɗanda ake shaidarsu da kirki, masu Ruhu Mai Tsarki da hikima, a danƙa musu aikin. Aka zaɓi Istifanas, da Filibus, da Burokoras, da Nikanar, da Timan, da Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Masanan Littafi sun lura cewa sunayen nan 7 duka na Helenanci ne. Da alama jama'a sun ɗauki ludayin sun miƙa wa ɓangaren da aka tsallake. Nikolas kuwa ba ma haifaffen Bayahude ba ne, shigowa ya yi. Manzanni suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu.

Akwai wani abu kuma a harshen da aka rubuta Sabon Alkawari. Kalmar da Luka ya mora don rabon abinci a aya 1, ita ce ya mora don koyar da Magana a aya 4. Duka biyu hidima ya kira su. Daga kalmar nan aka samo sunan dikin da wasu ikkilisiyoyi suke ba masu hidima. Saboda haka wanda yake tsaye a bagade da wadda take auna masara a bayan majami'a, Ubangiji ɗaya suke yi wa aiki.

Abin da ya same mu

'Yan'uwa, ba za mu karanta wannan labari kamar na wasu mutane can nesa ba, gama mu ma mun taɓa faɗawa cikinsa. Shekarun baya, a wata ikkilisiya da muke hidima a gefen garin Keffi, muka shirya rabon Kirsimati domin gwauraye. Mata suka kawo shinkafa da masara, maza suka kawo doya da kuɗin mai, wani ɗan'uwa mai shago ya ba da atamfofi. Aka yi sanarwa Lahadi biyu, da Hausa da Turanci, cewa duk gwauruwa ta tsaya bayan sujada a rubuta sunanta. Ranar rabo aka yi waƙa, aka yi addu'a, kowa ya tafi da murna. Mu ma muka koma gida muna jin mun yi wa Allah aiki.

Akwai wata tsohuwa da take zama a bencin baya. Ɗanta ne ya ɗauko ta daga ƙauyensu na kan dutse, shi kuwa ya rasu a haɗarin mota, ya bar ta da jikoki biyu. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Idan an ce mata, “Sannu, Kaka,” sai ta yi murmushi ta ɗaga hannu. Bayan Kirsimati aka yi Lahadi biyu ba a gan ta ba. Wata yarinya 'yar Girls' Brigade, wadda take jin harshenta, ta bi sawu har ɗakin da take haya. Ta same ta kwance da zazzaɓi, jikokin suna jiƙa gari da ruwa.

Yarinyar ta zo wurin dattawa da hawaye. Ta durƙusa ta ce, “Baba, Kaka ba ta sami komai ba.” Aka ce, “Don me ba ta ba da sunanta ba?” Ta ce, “Baba, ba ta ji sanarwar ba. Ta ce ta ga mata suna fita da buhuna, sai ta ɗauka na waɗanda suka biya kuɗi ne, ita kuwa ba ta da abin biya.”

Ɗakin ya yi tsit. Babu wanda ya ƙi tsohuwar nan a cikinmu. Amma mun yi sanarwa da harsunan da suka yi mana sauƙi, muka jira mabukata su zo su same mu. Da muka bincika, sai muka tarar ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu tsofaffi da abin ya wuce su haka, akwai kuma wata da kunya ta hana ta tsayawa. Muka tuba a gaban Allah, muka je muka roƙi gafararsu. Daga nan aka sāke kwamitin taimako, aka sa mutum ɗaya daga kowane harshe da ke cikin ikkilisiyar, aka kuma daina jiran suna bayan sujada, sai bin gida gida. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zumunta a ƙafa take.

Garin da aka kafa da itatuwa da yawa

Masana tarihi sun ce sunan Keffi daga kalmar kafi ya fito, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi domin tsaro. Abdu Zanga ne ya kafa garin wajen shekara ta 1800. Ku yi tunani a kan kafi. Itace ɗaya ba ya zama kafi, kome kaurinsa. Sai an jera su da yawa, kowane yana riƙe da na kusa da shi. Inda aka zare ɗaya, ta nan kura take shiga.

Yau ba a ganin shingen nan, garin kuwa ya faɗaɗa. Tun da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, mutane suke ta kwararowa. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa da ɗalibanta, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya inda ake kawo marasa lafiya daga ƙauyuka masu nisa, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ga babbar hanyar Abuja da ba ta barci dare da rana. A ƙauye, idan ciwo ya kwantar da mutum da damina, ba ya bukatar rubuta takarda. Ana kiran gayya, a nome masa gona, a sha kunu, a watse. Idan jinka za a ɗaga, maƙwabta suna nan, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a gari mutum yana iya kwana uku a ɗakin haya ba lafiya, na ɗakin kusa bai sani ba. Gayya ba ta biyo mu gari da kanta ba. Sai mun shirya ta da gangan, shi ya sa muke bukatar ƙungiyoyi.

Mun gode wa Allah, ƙungiyoyin suna nan. Ga Zumuntar Mata, waɗanda su ne na fari a gidan haihuwa, su ne na ƙarshe a gidan makoki. Su suke ɗaukar itace da ruwa, su dafa wa baƙi, su kwana da mai takaba. Ga Boys' Brigade, wadda wani malamin makarantar Lahadi, William Alexander Smith, ya kafa a birnin Gilasgo a 1883, domin ya ga samari suna gudun majami'a da zarar sun fara girma. Ta iso Nijeriya a 1908, ta Legas, alamarta kuwa anka ce ta jirgin ruwa, daga Ibraniyawa 6:19. Ga Girls' Brigade, wadda tushenta ya koma 1893 a birnin Dublin. Yaranmu ne a cikinsu, su suke tsare ƙofa, su gyara layi a taro, su ɗauki gawa zuwa kabari.

A waje da ikkilisiya kuma akwai ƙungiyar agaji ta Red Cross, mai rassa a kowace jiha ta ƙasar nan. Asalinta wani Kirista ne mutumin Janiba, Henry Dunant. A 1859 ya bi ta Solferino a ƙasar Italiya bayan an gwabza yaƙi, ya tarar da dubban sojoji kwance cikin jini ba mai kula da su. Ya tara matan garin da ke kusa suka yi ta wanke raunuka, ba su tambayi ko sojan wane ɓangare ne ba. Daga nan aka kafa ƙungiyar a 1863. Akwai kuma Rotary, wadda aka fara a birnin Shikago na Amurka a 1905, reshenta na fari a Nijeriya kuwa a Kano aka buɗe shi a 1961. Tun 1985 ta sa kuɗinta da ƙafafun mambobinta cikin yaƙi da shan inna. Tare da ma'aikatan lafiya, da sarakuna, da limamai, da fastoci, da dubban mata masu bin gida gida da akwatin sanyi, aka yi ta fama. A 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya, a Jihar Barno, a 2020 kuma aka ba da shaida cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da rigakafi har yanzu, kada mu hana yaranmu. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da 'yan agajinsu masu kaki, muna ganinsu a filin idi da wurin haɗari da asibiti. Ga kuma ƙungiyoyin ci gaban kabilunmu da na unguwanni.

To, me Maganar Allah take koya wa masu irin wannan aiki, da mu da muke zaune muna kallonsu?

Na fari: a saurari mai kuka

Manzanni sun ji gunaguni suka gyara. Ƙungiya takan fara mutuwa ran da shugabanninta suka fara jin haushin mai kawo ƙara. Kowace ƙungiyar taimako ta riƙa tambayar kanta: wa muka manta? Sau da yawa wanda ya fi bukata shi ne wanda ba a jin muryarsa. Tsohuwar da ba ta jin Hausa. Kurma. Matar da aka auro daga wata kabila, mijin ya mutu, danginsa suka kwashe gona. Majinyacin da aka kawo asibiti daga ƙauye, likita yana tambaya, shi kuwa ba ya ganewa, ba ya kuma iya faɗin inda yake masa ciwo. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, harshen nan naku da wasu yara suke jin kunyar yi a gari, baiwa ce daga Allah. Sa'a ɗaya da za ka ba da kana yi wa majinyaci tafinta tana iya zama dalilin da zai sha maganin daidai.

Na biyu: a zaɓi amintattu

Abinci kawai za a raba, duk da haka manzanni suka nemi masu kyakkyawar shaida, masu Ruhu, masu hikima. Ba su ce a nemo mai kuɗi ko mai baki ba. Mun san ƙungiyoyi nawa suka watse a kan kuɗi. An tara gudummawa don rijiya, rijiya ba ta fito ba, lissafi ma bai fito ba. Bulus da kansa, sa'ad da yake tara taimako domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ku duba 2 Korantiyawa 8:18-21, za ku ga ikkilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin, domin kada a sami abin zargi. Idan manzo ya yi haka, ma'ajin Zumuntar Mata ko na matasa bai kamata ya ji an raina shi ba don an ce mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta a gaban kowa. Lissafi a fili yana kāre mai gaskiya.

Na uku: alheri ba ya tambayar kabila

Karatunmu na biyu, Galatiyawa 6:9-10, yana gargaɗe mu kada mu gaji da aikin kirki, mu yi shi ga dukan mutane duk lokacin da dama ta samu, tun ba 'yan'uwa masu bi ba. Wasu sukan riƙe rabin ƙarshe su saki na farko. Gaskiya ne gida ake fara sharewa. Amma tsintsiyar ba a bakin ƙofa take tsayawa ba.

Mun san wannan magana tana da nauyi. A cikin masu jinmu akwai waɗanda rikici ya kora daga gonakinsu, akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa. Ba mu raina hawayenku ba. Amma ku tuna da wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, a sura 29. Mutanen da suka ci garinsu da yaƙi ne suke zaune a cikinsu, duk da haka Allah ya umarce su su nemi alherin birnin, su yi masa addu'a, domin zaman lafiyarsu a ɗaure yake da na birnin. Idan lambatu ya toshe a Angwan Lambu ko Sabon Gari, ruwan ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Sauro ba ya duba katin baftisma. Ranar tsabtace muhalli, bari a ga Kirista da shebur tun kafin a kira shi.

A shekara ta 362 wani sarkin Roma mai suna Yuliyan, wanda ya bar bangaskiya ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na gumaka yana kuka cewa Kirista suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. Wace shaida maƙwabtanmu za su bayar a kanmu?

Bari mu kawo misali ɗaya da ke gabanmu kullum, wato jini. Mace tana naƙuda jini ya ɓalle, ko an kwaso mutane daga haɗari a hanyar Abuja ko ta Akwanga, ko yaro mai ciwon sikila ya galabaita. Ana neman jini, dangi suna nesa. Ba a ƙera jini a masana'anta, sai wani ya bayar. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Lafiyayye mai shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa, namiji bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4, ma'aikatan lafiya kuma sukan gwada mutum tukuna. Ranar 14 ga Yuni kowace shekara duniya take tunawa da masu ba da jini kyauta. Me zai hana samarin ikkilisiya su rubuta sunayensu da rukunin jininsu, a ajiye wurin shugabansu, domin in an kira da tsakar dare a san wanda za a tasa? Mu da aka fanshe mu da jinin Ɗan Allah, bai kamata a same mu da rowar leda ɗaya ba, ko mai bukatar sunansa Bulus, ko sunansa Bello.

Na huɗu: a tsare zuciya

Aikin sa kai yana da nasa jarabobi. Ɗaya ita ce son a gani. Akwai taimakon da kuɗin hoto da allon sanarwa ya fi kuɗin abin da aka bayar. Akwai mai sa gwauruwa ta riƙe mudun shinkafa a ɗauke ta hoto a watsa a waya, ba a tambaye ta ko ta yarda ba. A Matiyu 6:1-4 Ubangiji ya ce mai yin sadaka don yabon mutane ya riga ya karɓi ladansa duka. 'Yan Birged, kakinku yana da kyau, gangarku tana da daɗi, muna murna da maci ranar taro. Amma ku tambayi kanku, bayan an ajiye ganga, gonar wace tsohuwa kuka nome bana?

Jaraba ta biyu ita ce mutum ya zaci aikinsa zai saya masa sama. A'a. Afisawa 2:8-10 ta nuna sarai cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba ne, ta kuma nuna cewa an cece mu domin mu yi ayyuka nagari. Itace ba ya yin 'ya'ya don ya sami saiwa. Saiwar ce take sa shi 'ya'ya. Idan kana cikin ƙungiyoyi goma amma ba ka ba da ranka ga Yesu ba, abin da kake bukata yau shi ne ka tuba ka gaskata da shi.

Ta uku ita ce gajiya. Mutum biyar ne kullum suke zuwa, sauran sai ranar cin abinci. Wanda ka taimaka jiya shi ne yake zaginka yau. Bulus ya san da wannan, shi ya sa ya yi maganar girbi a lokacinsa. Manomin doya yakan binne iri ya jira watanni kafin ya ga abin da ke cikin kunya. Ku da kuka gaji, ku huta, ku koya wa na baya, amma kada ku ajiye fartanya. Ku da kuke zaune kuwa, ku tashi ku karɓe su.

Abin da ya biyo baya

Ku dubi aya 7. Bayan an gyara rabon abinci, Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa, masu bi suka ƙaru ƙwarai a Urushalima, har firistoci masu yawa suka ba da gaskiya. Firistocin nan sun san abin da Attaura ta ce a kan gwauraye da marayu da baƙi. Da suka ga jama'ar da take aikata shi, sai zuciyarsu ta buɗe. Cikin masu rabon nan kuma Istifanas ya zama na fari da ya ba da ransa saboda Yesu, Filibus ya kai bishara Samariya, ya kuma yi wa mutumin Habasha baftisma. Daga riƙon ludayi Allah ya ɗauke su.

Tsohuwar nan da muka ba ku labari ta warke. Ta ƙara shekaru tana zama a bencinta na baya, amma da wata yarinya a gefenta tana raɗa mata wa'azi da harshenta. Ubangiji ya riga ya kira ta gida. Jikanta na fari yana cikin matasan da suke bin gida gida yau.

Saboda haka, kafin ku kwanta yau, ku zauna a matsayin iyali ku ambaci sunan mutum ɗaya a unguwarku ko a ikkilisiyarku da kuka kwana biyu ba ku gani ba. Gobe wani ya je ya duba shi. Idan akwai ƙungiyar taimako kusa da ku, ku shiga, ku bar yaranku su shiga. Idan babu, mutum uku sun isa a fara. Wanda ba shi da kuɗi yana da ƙafa, wanda ƙafa ta gaza masa yana da bakin addu'a.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ba ka manta da mu ba sa'ad da muke nesa, ba mu kuwa san sunanka ba. Ka gafarta mana saboda waɗanda muka tsallake, da saninmu ko ba da saninmu ba. Ka buɗe idanunmu mu ga wanda yake zaune a bencin baya. Ka ƙarfafa Zumuntar Mata, da 'yan Birged, da matasa, da dukan masu aikin agaji a Keffi da kewaye, da ma'aikatan asibiti, da masu kwasar waɗanda haɗari ya rutsa da su. Ka ba shugabanninmu aminci cikin abin da aka danƙa musu. Ka ba garinmu da jiharmu salama. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa aka tsallake gwaurayen masu Helenanci, me kuma manzanni suka yi a kai?

2. A ikkilisiyarku, akwai waɗanda ba sa jin harshen da ake sanarwa da shi? Wa yake juya musu?

3. Wane aiki ɗaya gidanku zai iya yi wa maƙwabcin da ba kabilarku ko addininku ɗaya ba kafin watan nan ya ƙare?

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba, alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.